Fari ko Ja? Goro, Albasa da Sunan da Ya Ɓace a Hanya

Idan aka ce wa Bahaushe "albishirinka", ya ce "goro", sai a tambaye shi "fari ko ja?" Yaro a Maikujera ko Rabah yakan amsa da "fari" tun bai isa tauna goron ba, kuma da wuya a sami wanda ya tsaya ya duba abin da ke cikin tambayar. Tambaya ce ta mutanen da ba su ɗauki goro a matsayin abu guda ba. Sun san yana da launi, yana da asali, yana da shekara, yana da daraja hawa-hawa, kuma harshensu yana iya rarrabewa. Abin da ya rage mana a yau launin ne kawai, wato mafi sauƙin ganewa a cikin abubuwan da kakanninmu suka sani. Ina ganin wannan raguwa ta fi ƙarfin a kira ta sauyin zamani a wuce. Ilimin ɗanɗano a cikin sunaye yake zaune, kuma duk al'ummar da ta bar sunayen suka zube, kasuwa za ta sayi kayanta da buhu, ta biya ta kuɗin buhu. Manomin fadamar Rima yana cikin wannan hali yanzu, ko da yake ba goro yake nomawa ba.

Abin da ya fi bayyana wannan shi ne wata al'ada ta wasu mutane da ke nesa da mu a addini da abin sha. A Faransa da Italiya da Amurka akan shirya taro na musamman inda marubuta da masu sana'ar giyar inabi suke zama a jere, a zuba musu ja iri-iri a kofunan gilashi, kowa ya duba launi, ya shinshina, ya kurɓa, ya tofar, sa'an nan ya rubuta abin da ya ji: wannan daga gangaren kaza yake, na shekara kaza, baurinsa bai kwanta ba tukuna, wancan ya wuce lokacinsa. Mai karatu zai iya cewa me ya haɗa mu da wannan, alhali giya haramun ce, kuma dokar Jihar Sakkwato ta hana ta tun da aka dawo da shari'a a shekarar 2000. Gaskiya ne, kuma babu abin da ke cikin kofin da nake so a kawo mana. Abin dubawa shi ne aikin da suka yi wa harshensu. Sun ɗauki abin da baki ke ji, wanda yake wucewa cikin ƙiftawar ido, suka ba shi kalmomi, suka ɗaura kalmomin a kan ƙasa da shekara, suka rubuta. A 1984 wata malama a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, Ann Noble, ta tsara kalmomin ƙamshin a cikin da'ira guda don ɗalibai su riƙa magana da baki ɗaya. Mu ma mun yi rabin wannan aiki, a kan abin halal, tun kafin a haife ta da ƙarnoni. Rubutun ne ba mu yi ba.

Goro ba ya fita a ƙasar Sakkwato, amma a nan aka iya cinsa. A ƙarni na 19 mafi yawan goron da ake ci a daular Usmaniyya daga dazuzzukan Asante yake fitowa, a tara shi a Salaga ta ƙasar Gwanja, a arewacin Gana ta yau. Ayarin fatake, Agalawa da Tokarawa, da kuma Kambarin Barebari masu cibiya a Gummi, sukan tashi ƙarƙashin madugu, su ƙetare Kwara ta wajen Yawuri, su ratsa Borgu, su shafe watanni kafin su isa. Suna tafiya da kanwa da rinannun tufafi da kayan fata da dabbobi da gabu, wato busasshen ganyen albasa, kuma ba za a ɓoye ba, har da bayi. Su dawo da jakuna ɗauke da goro. Heinrich Barth, wanda ya sauka Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa goron da ke shiga birnin a shekara ya haura kayan jaki ɗari biyar. Shi ne kuma ya zauna a Wurno a 1853, lokacin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, sa'ad da garin yake mazaunin sarauta kamar yadda Muhammadu Bello ya kafa shi ribaɗi, inda ya rasu a 1837. Fadar da malamai da manzanni da mayaƙa ke shiga da fita ba ta rabuwa da goro, domin shi ne abin da ke wartsake mutum wanda addini bai hana ba, shi ne kuma abin da ake miƙa wa baƙo, a aika wa na gaba, a raba a ɗaurin aure da suna. Garuruwan da ke kewaye da Wurno, daga Rabah zuwa Goronyo, sun koyi cin goro ne a kusa da mutanen da suka fi kowa iya zaɓensa.

A cikin kalmomin ake ganin zurfin abin. Ana cewa goriya ga babba zaɓaɓɓe, marsa ga manya, minu ga ƙanana, farsa ga wanda ya ɓare. Daushe shi ne na bara wanda aka adana har ya kwanta, kuma masu ci sun san ya fi sabo garɗi, domin kaifin ɗacin nan na ɗanye ya ragu. Hannun ruwa yana da yauƙi, ba a ba babban baƙo shi. Idan ƙwaro ya shiga sai a ce ya yi sankara, kuma mai goro yakan gane haka da yatsa kafin ya ɓare. Namijin goro kuwa suna kawai ya ara, wani icce ne daban. A saman duka akwai ɗan Laboji na ƙasar Nufe, wanda ba shi da yawa, sarautar Bida ta sa masa ido, samunsa ma alama ce ta matsayi. Ga ma'auni, ƙwarya ita ce ɗari. Ga adana, akwai huhu da ganyen fita, a jera goro a lulluɓe, a riƙa buɗewa lokaci-lokaci ana tsince wanda ya ɓaci, ana canja ganye, ana yayyafa ruwa daidai gwargwado, domin in ya bushe ya ƙanƙance, in ya jiƙe ya ruɓe. Mutumin da ya ɗauko goro daga Salaga ya kawo shi Wurno da ransa bayan watanni a cikin zafin hanya ya san wani abu game da danshi da iska wanda ba ƙaramin sani ba ne. Ko a kimiyyance ma akwai dangantaka tsakanin abin da shi yake nema da abin da masu kofin gilashi suke nema. Baurin da ke kama dasashi a jar giyar inabi daga fatar 'ya'yan yake, kuma dangin sinadarin nan ne ke sa baurin goro. A duka biyun, ajiya ce ke tausasa shi. Shi ya sa mai cin goro yake jiran zaƙin da ke biyo bayan ɗaci, wanda ke sa ruwan da aka sha a bayansa ya yi daɗi. Hausa tana da zaƙi da ɗaci da bauri da tsami da yaji da garɗi da maƙaƙi da lami, kowace da inda take kama baki. Harshen da ya tara waɗannan ba a rasa masana ɗanɗano a cikin masu magana da shi ba.

Sauyin ya zo ne ta hanya. Turawan Ingila sun ci Kumasi da yaƙi a 1874, ikon Asante a kan Salaga ya kwance, yaƙin basasa na 1892 kuma ya ƙarasa kasuwar. Fatake suka fara bi ta teku, daga Accra zuwa Ikko, kuma Alhassan Ɗantata yana cikin waɗanda suka yi arziki ta wannan sabuwar hanya kafin ya shiga gyaɗa. Jirgin ƙasa ya fara zirga-zirga zuwa Kano a 1912, reshensa ya isa Ƙauran Namoda a 1929. A wannan tsakanin manoman ƙasar Yarbawa, a wajen Agege da Ota da Shagamu, suka dasa irin goron da Hausawa ke so, Hausawa kuma suka kafa unguwannin Sabo suna saye suna ɗaurewa suna aikowa Arewa. Har yau Yarbawa suna kiran wannan iri da gbanja, wato Gwanja. Sunan ƙasa ya koma sunan iri, ya daina nuna inda abin ya fito. Babu mai musun alherin da aka samu: goro ya yi arha, talakan da a da sai ranar salla yake ganinsa ya samu ya saya kullum. Amma tafiyar da ta koma ta kwanaki ta rage buƙatar gwanintar adana, motar da ke haɗa kayan garuruwa goma a lodi ɗaya ta gauraya asali, mai tire a kasuwar Achida ko Goronyo kuma ba ya samun labarin inda huhun ya taso balle ya faɗa wa mai saye. Daga baya maganin ƙwari ya shigo wurin ajiya ya ɗauke wani ɓangare na aikin da ido da yatsa ke yi, da haɗarinsa ga abin da ake ci ɗanye ba a dafa ba. Yau a ɗaurin aure da yawa alewa da cingam sun zauna kusa da goro a faranti, matasa da yawa ma su suke ɗauka. Kalmar goro ta tsira a goron salla da goron gayyata, amma daushe da minu suna bakin tsofaffi da 'yan kasuwar goro kawai.

Akwai suka mai ƙarfi da ya kamata a saurara: cewa yawancin maganar masana ɗanɗano ƙawa ce, abin da aka gaya wa mutum shi yake ji. Masu giyar inabi sun sha wannan kunya. A 2001 wani mai bincike a Bordeaux, Frédéric Brochet, ya zuba wa farar giya launin ja marar ɗanɗano ya ba ɗaliban fannin su 54, suka siffanta ta da kalmomin da ake siffanta ja. A 1976 kuma, a wani zama a Faris da aka ɓoye sunayen kwalabe, alƙalan Faransa da kansu suka fifita jar giyar Kalifoniya a kan manyan sunayen ƙasarsu. To, me zai hana a ce darajar ɗan Laboji ma tsadarsa ce da sunan sarakuna, kuma fifita fari a kan ja al'ada ce kawai? Na yarda da wani ɓangare na wannan. Ido yana rinjayar harshe, suna yana rinjayar su duka. Sai dai a lura da abin da zaman 1976 ya haifar. Da harshe ba ya jin komai, da ba a sami wanda ya yi nasara ba. Abin da ya faru shi ne harshen ya ƙaryata sunan da ya tsufa, ya ɗaga wani sabo, manoman kwarin Napa na Kalifoniya kuma suka ci moriyar hakan shekara da shekaru. Suna alkawari ne da ake iya gwadawa. Haka yake a wurin mai goro: in ya ce daushe ne aka ɓare aka tarar ɗanye, gobe ba a dawo masa ba. Inda babu suna kuwa babu alkawarin da za a kama mutum da shi, mai kyau da marar kyau kuɗinsu ɗaya, sai mai kyautatawa ya ga ba shi da dalilin wahala.

Faransawa sun gane haka, suka mai da sunan ƙasa dukiya. A 1855 aka jera gonakin Bordeaux daraja-daraja saboda baje kolin Faris. A 1935 aka kafa dokar da ta ce ba mai sa sunan wani yanki a kwalba sai wanda ya noma a cikin iyakarsa, da irin da aka yarda, ta hanyar da aka yarda. Daga nan ƙaramin manomi ya sami abin da babban ɗan kasuwa ba zai iya ƙwace masa ba, domin ba a ɗaukar gangare a kai wani wuri. Mu kuwa muna da tsohon misali na akasin haka a gidanmu. Fatar jar akuyar Sakkwato, wadda majema suka jeme, ta ratsa Sahara a bayan raƙuma, ta fita Turai ta tashoshin Arewacin Afirka, masu ɗaure littattafai a can suka san ta da fatar Maroko. Makiyayi da majemi sun yi aikin, wata ƙasa ta ci sunan. Wannan ya faru ne a lokacin da babu yadda za a yi. Abin da ke damuna shi ne yana sake faruwa a lokacin da akwai.

Fadamar Rima daga Goronyo zuwa Wurno tana cikin wuraren da suka fi ko'ina noman albasa da tafarnuwa a Nijeriya, ga shinkafa. Madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka gama ginawa a 1984, an yi ta ne ta riƙe ruwa mai yawan kubik mita miliyan 942, kuma ita ke ba noman rani na yankin numfashi. Duk matar da ke girki a wannan ƙasa ta san albasa ba ɗaya ba ce: akwai mai yaji da ƙwaya ɗaya ke isar tukunya, akwai mai ruwa da ke narkewa ba ta bar komai ba. Duk manomi ya san wadda ke jure rumbu har farashi ya tashi da wadda ke ruɓewa kafin damina ta kankama, ya kuma san taki mai yawa yana kumbura ta ya rage mata ƙarko. Wannan ilimi irin na daushe da marsa ne, kuma a bakin mota yake tsayawa. Da zarar an ɗinke buhu an loda, sai dillali ya yi maganar girma da cika. A kasuwar Mile 12 ta Ikko ko a Onitsha, kayan Wurno da na Goronyo da na Aliero da na Kano sun zama albasar Arewa ko ta Hausa, mai saye kuma ba shi da hanyar da zai sake neman wadda ta yi masa daɗi. A duba ƙetaren iyaka kaɗan. Galmi, a kan hanyar Birnin Ƙonni zuwa Madawa, gari ne na Hausawa masu noma irin namu, amma albasarsu da sunan garin ake neman ta daga Abijan zuwa Dakar. Lokacin da wani kamfanin iri na Senegal ya nemi mallakar sunan, Nijar ta ƙi, sai da ya canja wa nasa suna. A 2021 hukumar kare haƙƙin ƙirƙira ta wasu ƙasashen Afirka da ake kira OAPI ta yi wa albasar Galmi da kilishin Nijar rajistar sunan asali. Ƙasar ba ta fi tamu kyau da nisa ba, kuma rana kusan ɗaya ce. Sun riƙe suna ne kawai har ya isa bakin mai saye.

Suka ta biyu ta fi ta farko nauyi, kuma ba na ɗaukar ta da sauƙi. A gabashin Sakkwato a shekarun nan akwai ƙauyukan Rabah da Goronyo da Wurno da 'yan bindiga suka kora, akwai gonakin da ba a iya zuwa, akwai iyalan da abincin dare ne damuwarsu. Mai yunwa ba ya tambayar asalin albasa, kuma wanda ke tsoron hanya ba ya jiran farashi, duk abin da dillali ya taya sallamawa yake. A irin wannan hali maganar ɗanɗano tana iya zama kamar ta ƙosassu. Amma a juya ta a gani. Manomin da gonarsa ta ragu zuwa ɗan abin da ke kusa da gari ba zai iya ƙara yawa ba. Hanyar da ta rage masa ita ce buhu ɗaya ya kawo abin da ya fi na da. Mai biyan wannan ƙari ba maƙwabcinsa mai yunwa ba ne, mai gidan abinci ne a Abuja ko Accra wanda zai biya don ya tabbata abin da ya saya bana shi zai samu baɗi. Suna ba zai kori ɗan bindiga ba, ba kuma zai gyara hanya ba, ba na da'awar haka. Abin da nake cewa shi ne rashin suna haraji ne da manomi ke biya ko da lafiya ko babu, kuma shi ne harajin da yake da ikon ragewa da hannunsa. Fataken Gwanja ma ba a cikin kwanciyar hankali suka gina nasu ilimin ba; Borgu ta yi suna wajen fashin ayari, da makamai ake tafiya, duk da haka sun ga ya cancanta su rarrabe goriya da minu, domin a cikin rarrabewar ribar take.

Wani zai ƙara da cewa suna yana jawo jabu, kuma in ya yi daraja manyan 'yan kasuwa ne za su ci, kamar yadda suka saba. Haɗarin gaskiya ne, Faransawa ma zambar da ta yi yawa a farkon ƙarni na 20 ce ta tura su ga yin doka. Nijeriya ba ta cikin OAPI, don haka takardar da Galmi ta samu ba za a ɗauko ta haka nan a liƙa wa Wurno ba. Sai dai doka ita ce matakin ƙarshe a ko'ina, kuma ba ta samun abin karewa sai manoma sun riga sun yarda a tsakaninsu a kan abin da sunan yake nufi. Wannan aiki ba ya jiran majalisa. Yana buƙatar manoman gari guda su zauna da matan da ke girki da tsofaffin dillalai, a yanka albasar fadamu daban-daban ba tare da an faɗi ta wane ce ba, a ɗanɗana ɗanya da soyayya, a ajiye wasu a ga wadda ta kai wata huɗu, a rubuta sakamakon da Hausa, da boko ko ajami. Yana buƙatar a ware irin gida da aka gada daga irin gwangwani da na leda, a san wanda ya ba da wane hali, tun kafin su gauraye a rasa na asali. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana da tsangayar aikin gona da sashen harsunan Nijeriya a gari guda, tafiyar ƙasa da awa biyu daga waɗannan fadamu, kuma wannan bincike ne da ke buƙatar su biyun tare, mai auna ƙasa da mai tattara kalma. Masu tsohon sanin goro da suka rage a kasuwannin Sakkwato da Achida su ne ya kamata a fara zama da su, domin su ne suka san yadda ake ba ɗanɗano suna har mai saye da mai sayarwa su yarda da shi ba tare da takarda ba, kuma yawancinsu sun manyanta.